Kafin Ka Shimfiɗa Tabarma: Sauka a Masaukin Taro a Njamena

Sunan birnin Njamena daga Larabcin mutanen wurin ya fito, ma'anarsa kuwa wurin hutawa. Faransawa ne suka kafa garin a shekarar 1900, bayan yaƙin Kusiri, inda Rabe da Lamy, kwamandan sojan Faransa, suka mutu rana ɗaya. Suka sa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973 aka ba shi sunan da muka sani yanzu. Kakanninmu sun san garin sarai. Fatake da masu tafiya Makka a ƙasa, daga Kano da Katsina da Sakkwato, a nan sukan yada zango kafin su nufi Abeshe da Sudan. Waɗansu ba su ƙara gaba ba, shi ya sa har yau za ka ji Hausa a kasuwannin birnin.

Yanzu ma mutane suna zuwa. Akwai bikin Dari, wanda aka fara a 2018, ana yin sa a watan Disamba, jama'a daga jihohin Chadi 23 suna kawo rawarsu da abincinsu da aikin hannunsu. Akwai Gerewol na Fulani Bororo a yankin Durbali, wajen kilomita 100 kudu maso gabas da birnin, da ƙarshen damina. Akwai kuma tarurrukan addini, na maza da na mata da na matasa. Ba kowane baƙo yake da ɗan'uwa a gari ba. Da yawa akan saukar da su a filin makaranta, ko harabar wurin ibada, ko wani fili da aka kakkafa rumfunan zana da tanti.

Mai karatu, idan kana cikin masu irin wannan tafiya, ko za ka aika da matarka da 'ya'yanka, wannan ɗan littafi naka ne. Za ka iso da gajiya, ƙafa ta kumbura, yara suna kuka, ba abin da ranka yake so sai ka sami inuwa ka miƙe. Ka daure tukuna. Abin da ka yi, ko ka bari, a cikin sa'a ɗaya ta farko, shi yakan nuna ko da tsaraba za ka koma gida ko da cuta.

Katin da ba a saya a tasha

Saukar tana farawa tun daga bakin iyaka. Mai zuwa daga Nijeriya yakan bi ta Maiduguri da Dikwa zuwa Gamboru Ngala, ya shiga Kamaru ta Fotokol, ya iso Kusiri, sa'an nan ya haye gadar Ngeli a kan kogin Logon. Hanyar nan ta sha fama da rashin tsaro, sai a nemi labarinta kafin a tashi. Mutanen Nijar sukan bi ta Difa, su zagaya arewacin tafkin Chadi, su gangaro ta Masakori. Chadi ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, kada ka ɗauka za a bar ka ka wuce haka kawai. Ko sefar da ake kashewa a can ba irin ta Nijar ba ce. Ƙa'idar ƙasar kuma ita ce baƙo ya yi rajista wurin 'yan sanda masu kula da shige da fice cikin kwana 3 da isowarsa. Shugaban ayarinku ya tambayi masu masauki yadda za a yi wannan tun ranar farko.

Za a nemi katin allurar ciwon shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ake yi. Tun 2016 aka daidaita a duniya cewa ta isa har iyakar rai. Amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, gama jiki yana bukatar wannan lokaci ya haɗa garkuwarsa. Wanda ya yi allura jiya ya hau mota yau bai shirya ba.

Akwai masu sayar da katin ba tare da allura ba. Kada ka saya. Mai yiwuwa ka ruɗi ma'aikacin da yake bakin gada, amma sauro ba ya karanta kati.

A gaban tebur

A ƙofar masauki za ka tarar da tebur, da mutum mai littafi da alƙalami, da dogon layi. Mutane da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Wani yakan zagaya ta baya, ya je ya kama wuri mai kyau kafin a riga shi. Wani ya ba da sunan mutum uku alhali su bakwai ne, don kada a ƙara masa kuɗi.

Ka san amfanin littafin nan. Da shi masu taro suke lissafin gangar ruwa nawa za a kawo, da salga nawa za a haƙa. Masu aikin agaji a sansani suna auna aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a yini, da salga ɗaya ga mutum 20. In mutum 600 suka kwana a fili amma 400 ne a rubuce, ruwa zai ƙare kafin la'asar, salga ta cika kafin taro ya watse, sauran jama'a su koma bayan katanga. Daga nan ciwo yake tashi. Har wa yau, in mutum ya faɗi da amai da gudawa, da littafin nan ne ma'aikatan lafiya za su gane waɗanda suka shigo mota ɗaya da shi, da waɗanda suka ci kwano ɗaya. A rubuta kowa, har jaririn goye, da garinsu, da lambar wayar wani a gida.

Sai magana mai nauyi. In an tambaye ka ko akwai marar lafiya a cikinku, ka faɗi gaskiya. In ba a tambaya ba ma, ka faɗa. Wanda cikinsa ya ɓaci a hanya, yaro mai zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, mai tarin da ya wuce mako 2, duk a nuna su ga mai duba lafiya kafin su shiga cikin jama'a. Mun san abin da yake hana mutane: kunya, da tsoron kada a ce su koma bayan sun kashe kuɗin mota. Ba kora ake nufi ba. Ana so a ba shi wurin kwana dabam, a fara magani da wuri. Yaro ɗaya mai ƙyanda a rumfar mata yana iya harbin kusan dukan yaran da ba a yi wa allura ba, ciwon kuwa ba zai fito ba sai bayan kwana 10 ko fiye, lokacin da kowa ya riga ya koma ƙauyensa.

Ke mai ciki, ki faɗi watanki, ki riƙe katin awonki a jiki, ba a ƙasan buhu ba. In kin shiga wata na tara, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Masu shan magani kullum, na hawan jini, ko ciwon sukari, ko farfaɗiya, ko tarin fuka, ko na cuta mai karya garkuwar jiki, su zo da wanda zai ishe su har da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa. A Chadi da Faransanci ake rubuta takardar magani, in ka ce wa mai kemis "farar ƙwaya ƙarama" ba zai gane ba.

Kafin ka bar gaban tebur ka yi tambaya uku: ina ruwan sha, ina salga, ina mai magani yake kwana. Matambayi ba ya ɓata. In ba mai jin Hausa kusa, nemi mai jin Larabcin Shuwa, gama ya yi kusa ƙwarai da wanda ake yi a Njamena. Ruwa a bakinsu "almi" ne, asibiti kuwa "labtan".

Yaran da suka iya tafiya, a rubuta sunansu da sunan ayarinku da lambar wayar mai masauki a ƙyalle, a ɗaura musu a hannu. Ta mai masauki muka ce, domin layinka na gida yana iya ƙin aiki da ka haye gada.

Ruwa da salga

Ajiye kaya wurin wani, ka tafi da ƙafarka ka ga ruwan. Kada ka aiki yaro.

Njamena tana bakin mahaɗar kogin Shari da Logon, ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya samun wurin gudu. Kogin yakan kai iyakar cikarsa wajen Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. A 2022, da kuma 2024, ambaliya ta ci unguwanni, musamman na kudancin kogi irin su Waliya, dubban mutane suka koma kwana a fili. Inda ambaliya ta bi, abin da yake cikin salga yakan gauraya da abin da yake cikin rijiya. Ruwan yana iya yin garau a ido, ba wari, ba ɗanɗano, amma da cuta a ciki.

Kwalara ba baƙuwa ba ce a ƙasashen tafkin Chadi. A 2010 ta yi ɓarna a Nijeriya da Kamaru da Nijar da Chadi gaba ɗaya. A 2011 mutum fiye da 17,000 suka kamu a Chadi kaɗai. Tana fitowa tsakanin sa'a 12 da kwana 5 bayan mutum ya haɗiye ƙwayar cutar. Zawon kamar ruwan wankin shinkafa yake, yana zuba ba ƙaƙƙautawa, sau da yawa ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Ƙaƙƙarfan namiji da ya yi karin kumallo lafiya yana iya mutuwa kafin dare. Rashin ruwa a jiki ne yake kashe shi. Abin da ya sa take yaɗuwa a taro kuwa, yawancin masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba, suna yawo lafiya lau, tana fita cikin bayan gidansu.

Saboda haka, in famfo ne ko rijiyar burtsatse, duba ko akwai kwata ko salga kusa. Tsakanin salga da rijiya kada ya gaza mita 30, wajen taki 40 na babban mutum ke nan. In a ganga ake kawowa, tambayi inda ake ɗebowa, da ko an sa maganin kulorin. In ka ji ɗan warin kulorin, kada ka ƙi ruwan, wannan alama ce mai kyau. In ba ka tabbata ba, tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ko ka jefa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ga abin da aka rubuta a jikin takardarta, ka jira minti 30. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi bokiti. Buɗaɗɗiyar randa da moɗa ɗaya, wadda kowa yake tsoma hannu a ciki, ita ce mafi hatsari a dukan masaukin, ko da ruwan da aka zuba mata mai tsabta ne. Ƙanƙarar da ake sa wa zoɓo ma ruwa ce, ba ka kuwa san daga ina ta fito ba.

Kada a sha ruwan kogi ko na kududdufi, kada kuma a bar yara su yi wanka a ciki. Ban da tsargiya, akwai wani tsohon abokin gāba. Tun 2013 aka tabbatar kurkunu ya ƙare a Nijeriya da Nijar, amma Chadi tana cikin 'yan ƙasashen da suka rage da shi, yawanci a garuruwan bakin Shari, har karnuka suna kamuwa. Ana danganta wannan da kifin da bai dahu sosai ba da kayan cikinsa da ake zubar wa karnuka. Kifin Shari yana da daɗi, ba mai hana ka ci, amma ya gasu har ciki. Kurkunu yakan yi wajen shekara guda a jiki kafin ya fito. Dattawanmu da suka taɓa kwanciya da shi damina guda cur, gona ta lalace, za su gaya maka ba tsarabar da za a kai gida ba ce.

Daga wurin ruwa ka wuce salga. Duba ko akwai murfi, ko akwai ta mata dabam, ko hanyarta tana da haske da dare. Salgar da take nesa cikin duhu, mata da yara ba za su je ba, za su tsuguna bayan rumfa. In ba ruwa da sabulu a ƙofarta, ku haɗa kuɗi ku saya, ku rataye buta a wurin. In sabulu ya gagara, toka tana taimako. Kashin jariri ma a zuba shi cikin salga. Ana cewa ba shi da lahani, amma wannan ba gaskiya ba ne. Wankin hannu kafin cin abinci kuma, a zuba wa kowa ruwa daga buta, kada mutum goma su wanke a kwano ɗaya.

Ayari kada ya sauka ba shi da fakitin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki domin yara. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe bakinsa, da rabin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya. Kada gishirin ya fi hawaye ɗanɗano. A fara ba mai zawo tun tashin farko, kurɓi kurɓi, ko yana amai, ana ba shi ana tafiya da shi asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono.

Inda za ka kwanta

Yanzu ka zaɓi wuri. Tudu ya fi kwari. Kada ka manne wa salga ko juji, kada kuma ka yi nisa har zuwa ya zama aiki. Share ciyawa da duwatsu saboda kunama da maciji, da safe kuma ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa. Ɗaura gidan sauro tun da sauran rana, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Masu zuwa Durbali da ƙarshen damina, a tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro za su sauka.

Masu zuwa a Disamba kuwa, sanyi ne zai gwada su. Njamena da takan wuce awo 40 na zafi a watan Afrilu, da daren hunturu takan sauko wajen 15, ga iska ga ƙura. Sai mutane su cunkushe a aji ɗaya na makaranta, su rufe ƙofa da taga, su toshe kowace kafa da tsumma. Nan ne sanƙarau yake samun hanya. Ta numfashi da tari yake bi daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro, busasshiyar iska mai ƙura kuma tana raunana cikin hanci, ta buɗe masa ƙofa. Lokacinsa daga Disamba ne har saukar ruwa.

Taro da sanƙarau sun daɗe da sanin juna. A 1987 ya ɓulla a cikin mahajjata a Makka, a 1988 irin wannan ƙwayar ta kwantar da mutum fiye da 4,000 a Njamena cikin 'yan watanni. Tun daga lokacin Saudiyya ta sa allurar sanƙarau ta zama dole ga mai zuwa hajji. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Amma a Njamena ɗin nan aka ga abin da allura take iya yi. A Disamba 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8, daga shekara 1 zuwa 29, sabuwar allura mai suna MenAfriVac a birnin da jihohi biyu na kusa da shi. A ranin da ya biyo baya, sanƙarau a wuraren nan ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 in an gwada da inda ba a yi allurar ba. Sai dai iri ɗaya take karewa, wanda ake kira A. Wani iri, C, shi ya yi ɓarna a Yamai a 2015, da Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da take kare iri biyar. Tambayi asibitinku wadda ake da ita kafin ka tashi.

Da allura ko babu, a bar taga a buɗe. A yaƙi sanyi da bargo da hula, ba da toshe iska ba. A bar tazara tsakanin tabarma da tabarma gwargwadon hali. In wuri ya ƙure, a kwanta kai da ƙafa, kada fuska ta dubi fuska. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, ko ruɗewa, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura: wannan ba ya jiran gari ya waye. Ba ya kuma jiran a gama shirin gobe.

Kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko rufaffen ɗaki. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum ya ji barci mai daɗi ya tafi ke nan. Haka ma janareto, a waje yake zama, nesa da taga. Murhu kuwa a yi shi can gefe, inda iska ba za ta kai tartsatsi kan zana ba, a kuma hana yara zagaya shi. Karnukan gari, a bar su su wuce. Ciwon haukan kare yana nan a Njamena. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar.

Kafin magariba shugaban ayari ya san asibitin da ya fi kusa da masaukin, da mai motar da za a iya tasa da tsakar dare, da kuɗin da aka ware domin wannan. A tsakiyar birni akwai babban asibitin ƙasa da asibitin uwa da yaro. A Waliya akwai Bon Samaritain. A gefen arewa akwai asibitin mishan na Ginebor. Birnin yana da faɗi, gada kuma takan cushe, saboda haka na ɓangaren kogin da kuke shi ne naku. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, a nuna wa kowa inda suke kwana, domin mace mai zawo da ƙarfe biyu na dare ba za ta je ta ta da namijin da ba nata ba.

In kun koma gida, a sa ido mako biyu zuwa uku. Wanda ya yi zazzaɓi, ko zawo, ko ƙuraje, ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa, a kawo shi da wuri, a kuma gaya wa mai duba shi daga inda ya dawo, da ranar da ya baro can, da sunayen waɗanda suka kwana rumfa ɗaya da shi.